Sarƙa Mai Ƙamshin Lemun Tsami

Göppingen, Nuwamba 1993

Ƙanena Ebbe,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da Waltraud, da fatan kuma ciwon bayan nan ya sake ka. Mu nan lafiya lau, in ban da maigidana Ottmar da likita ya hana shi gishiri saboda zuciyarsa, yake ta kumbure-kumbure a kan tebur sai ka ce ni na hana shi. Na san za ka ce me ya hana ni buga waya. Ba zan ƙona kuɗi ina hira da sakatariyarka ba.

To, abin da na guda ya faru. Ka san tsohon injin ajiye motocinmu na garejin ƙasa, mai ɗaga mota ɗaya sama a shigar da wata ƙarƙashinta, ya mutu tun bazara. A taron masu gida na ce a sayi na gida, na kamfanin abokinka Gotthilf, abin da kowa ya sani. Ina! Sai Herr Bopp na hawa na uku ya miƙe yana kaɗa takarda, wai yanzu Turai ta zama kasuwa ɗaya, wai na Fotugal ya fi araha. Aka ɗaga hannu, suka rinjaye ni. Fotugal fa, Ebbe! Mutanen da na sani da kifin gwangwani, yau su ne za su rataye motar Bopp a saman kan mijina, don tamu ce a ƙasa.

Mace ce ma ta zo da masu haɗa shi, wata Frau Pinho, wai injiniya, 'yar mai masana'antar. Ta bi kowa da fara'a, har ta raba mana wata alewar ƙwai mai zaƙin tsiya. Na karɓa don ladabi, na ba karen Frau Raisch maƙwabciyata.

Amma ƙazanta, Ebbe, ƙazanta! Da suka tafi na sauka na duba. A gefen injin akwai wata doguwar sarƙa, sun lafta mata baƙin maiƙo kamar kwalta, a fili, ko kunya babu. Haka suka bar mana suka kama hanyar ƙasarsu. Makon sharata ne kuwa, allon da ke nuna mai shara yana rataye a ƙofata. Ka san yadda Mama ta rene mu: wanda makon shara ya faɗo kansa, daga matakala har bakin titi nasa ne, kuma gareji ai cikin gida yake. Ranar Asabar na ɗauki bokiti da buroshi da sabulun nan mai lemun tsami, na durƙusa, ban tashi ba sai da ƙarfen ya yi fes yana ƙyalli. Gwiwoyina har yau ba su yafe mini ba. Frau Raisch ta leƙo ta gani, ta ce ita ma ba za a ce makonta ya fi nawa datti ba.

An ce izinin gwaji kawai aka ba su, sai bayan sanyi ofishinku na binciken injina zai zo ya duba ya buga hatimi. Ka yi ƙoƙari kai za a turo. Ka duba shi da idon nan naka da ba ya barin komai.

Ka gaida Waltraud, ka ce mata kwanon kek ɗina yana wurinta har yanzu.

Yayarka,
Hiltrud

Stuttgart, Disamba 1993

Trude,

Wasiƙarki ta iso, na gode. Muna lafiya. Ba zan ɓoye miki ba, farkonta da ƙarshenta na karanta. Tsakiyar, da na hango kalmar bokiti da sunan Frau Raisch, sai na tsallake. Ina da injinan da rayukan mutane suka rataya a kansu, ba ni da lokacin labarin makon shara.

Ni za a turo, na riga na nema. Sunan mijinki kike amsawa, babu wanda zai haɗa Mauch da Dengler. Kuma ki sani abin ya wuce garejinku. Naku shi ne injinsu na farko a ƙasar nan. In na buga masa hatimi, gobe kowane magini daga nan har Hamburg zai sayi nasu. In na hana, su tattara nasu ya nasu su koma. Masu rubuta doka, waɗanda ba su taɓa riƙe sifana ba, sun ce takardar shaidar da aka bayar a can daidai take da wadda aka bayar a nan. Takarda kam daidai take, mu dai ƙarfe muke aunawa.

Ban ce zan zalunce su ba. Tun kafin gashin kaina ya zube nake aikin nan, kuma ba a taɓa cewa Dengler ya sa hannu a kan abin da bai auna ba. Ba sai na yi komai ba ma. Motoci za su riƙa shigowa da ƙanƙara da gishirin titi a tayoyinsu, ruwan ya riƙa ɗiga a kan ƙarfen mutanen da ba su san sanyi ba sai a talabijin. Sai mun haɗu a watan Maris.

Waltraud ta ce kwanon nata ne.

Eberhard

Göppingen, Fabrairu 1994

Ƙanena Ebbe,

Gaisuwa, da fatan kuna lafiya. Mu dai Allah ya tsare, amma saura ƙiris ka zo jana'izar mijin yayarka. 

Ranar Talata da safe Ottmar ya sauka zai kai ni kasuwa. Ya murɗa makulli, injin ya fara ɗagowa, sai muka ji wata ƙara, ƙarrr, kamar ana jan tebur a kan siminti. Gefe ɗaya ya hau, ɗayan ya cije. Benen injin na sama ya karkace, motar Bopp ta zamo da baya ta daki ginshiƙin da makullin yake jiki. Tsakaninta da Ottmar bai fi faɗin tafin hannu ba. Ya sulale ya zauna a ƙasa, fuska fara fat, yana dafe da ƙirji. Na ji tsoron da ban taɓa ji ba tun rasuwar Baba.

Bopp ya sauko da silifa yana zagaya motarsa yana kuka. "Wayyo motata! Sabuwa dal! Sai na kai wani kotu!"

Na ce, "Ka fara da wanda ya kaɗa mana takarda a taro, Herr Bopp. Ga araharka nan, tattara."

Kuma kada wani ya ce ba mu kula da abin ba. Babu injin da ya samu gata a garin nan kamar wannan. A watan Janairu makanikinsu ya zo ya sake lafta wa sarƙar baƙin maiƙon nan, ko gaisuwar kirki bai iya ba. Bai kai tashar jirgi ba na wanke. Yanzu duk gidan kowa yana yi a makonsa, har shi Bopp ɗin, da ruwan zafi ma. Duk da haka ja take yi, tsatsa tana cin ta a kan idonmu. Ƙarfen banza ne, ko ni da ban yi makarantar injiniya ba na gani.

Jiya Frau Pinho ta dawo. Ta bi gida ƙofa-ƙofa tana tambaya wa yake taɓa injin. Taɓawa! Sai ka ce ɓarayi ta tarar. Kowa ya ce mata a gidan nan ba a taɓa kayan da ba na mutum ba, kuma gaskiya ne, wanki ai ba taɓawa ba ne. Daga baya na hango ta a gareji ta shafa sarƙar tana shinshina yatsunta. Irin tarbiyyarsu ke nan.

Ka zo da wuri ka rufe wannan masifa. Kuma kada ka manta ranar haihuwar Ottmar ta faɗa Asabar a tsakiyar Maris, zan yi kek ɗin tuffa.

Yayarka mai ƙaunarka,
Hiltrud

Stuttgart, Maris 1994

Zuwa ga Frau Injiniya Graciete Pinho,

Bayan gaisuwa ta girmamawa. Na duba injinku da ke Göppingen, kuma na rufe shi da hannuna.

Ga abin da na samu. Sarƙar da ke daidaita gefe biyu na benen ta bushe ƙayau. Tsatsa ta ci ta, gaɓoɓinta sun ƙage, ta tsallake haƙoran da take bi, benen ya karkace da mota a kansa. Wani dattijo ya tsira da ƙyar. A rahotona na farko, wanda na riga na miƙa wa shugabana, na rubuta cewa ƙarfen bai dace da sanyin ƙasar nan ba, kuma babu alamar an taɓa shafa masa giris.

Kin faɗa mini a waya cewa makanikinku ya shafa a Nuwamba, ya sake shafawa a Janairu. Ban ƙaryata ki ba. Wataƙila giris ɗinku irin mai kewar gida ne, da ya ji sanyi sai ya koma. Ni dai abin da na tarar nake rubutawa.

A matsayina na wanda ya girme ki a aikin nan, ina tuna miki cewa akwai ƙasashe masu rana da yawa, kuma su ma suna da motoci. Kina da damar ba da amsa kafin in sa hannu a kan hukuncin ƙarshe a ƙarshen wata.

Da dukkan girmamawa,
E. Dengler, Babban Mai Bincike

Águeda, Fotugal, Maris 1994

Herr Injiniya Dengler,

Ina gaishe ka da girmamawar da ta dace da muƙaminka. Ka yi haƙuri da Jamusancina. A Aachen na koye shi lokacin da nake karatun injiniya, wataƙila bai kai na Stuttgart ba.

Maganar ƙarfe tukuna. Ba mu muka ƙera sarƙar ba. A ƙasarku muka saye ta, a wurin masana'antar da ke sayar wa manyan kamfanoninku, don na san za a yi irin wannan magana. In ba ta san sanyi ba, sai ka kai ƙararta can, ba nisa daga ofishinka.

Sai maganar giris mai kewar gida. Na karanta wa mahaifina, bai yi dariya ba. Ka auna sarƙar, ka ɗauki hotonta, amma ba ka sunkuya ba. Da ka sunkuya da ka ji abin da na ji: ƙamshin lemun tsami take yi. Tun ina yarinya nake cikin injina, ban taɓa jin giris mai wannan ƙamshi ba. A kicin na san shi. Na tambayi mutanen gidan, kowa ya dube ni kamar na shigo masa ɗaki da laka a takalmi. Amma na ga allon nan da ke yawo daga ƙofa zuwa ƙofa, na kuma ga gareji mai tsabtar da ta fi ta asibitin garinmu. Abu ɗaya nake roƙo. Ka koma, amma ba ranar aiki ba. Ka je ranar Asabar da safe.

Zan faɗa maka abin da yake hannunka, don kada ka ce ba ka sani ba. Mahaifina ƙofofin ƙarfe da kekuna ya ƙera duk rayuwarsa. Wannan inji ni na zana shi, ni na shawo kansa ya juya masana'antar gaba ɗaya a kansa. Masu saye a Sifen da Faransa sun ce su ga hatiminka tukuna. In ka hana, ba ƙasarku kaɗai ka rufe mana ba. Mutanen da suka goya ni a kafaɗa ina ƙarama za su koma gida su zauna, kuma ni na jawo musu.

Ba tausayinka nake nema ba, Herr Dengler. Ka je da hancinka kawai.

Tare da girmamawa,
Graciete Pinho

Stuttgart, ƙarshen Maris 1994

Trude,

Gaisuwa gare ki da Ottmar. Na gode da kek, Waltraud ta ce tuffar ta ɗan yi ruwa, amma ni na ci.

Ki yi haƙuri da tsawar da na daka miki a gareji ranar Asabar. Na sauka ne in ɗauko kyautar Ottmar daga mota, sai na gan ki a durƙushe, kumfa har gwiwar hannu, kina durzar sarƙar injin da na rufe da hannuna. Ban san lokacin da na ce "Me kike yi haka?" ba. Kika ce, "Ai na rubuta maka." Haka ne, kin rubuta.

A kan matakala kin tsare ni, kika tambaye ni ko ina nufin ke kika kusa kashe Ottmar. Ban amsa ba saboda baƙi. To ga amsa: a'a. Ba ki yi komai ba. Laifin masu injin ne. Injin kirki ba ya barin maiƙo a fili a gidan mutane masu tsabta. Ki kwantar da hankalinki, ki daina kuka.

Amma ki saurare ni da kyau, ko sau ɗaya a rayuwarki. Duk wanda ya tambaye ku, ko matar nan, ko mutumin inshora, ko lauya, shara kawai kuke yi. Ki gaya wa Frau Raisch ma, ita da bakinta da ba ya rufuwa. Bopp yana neman wanda zai maka a kotu, kuma irinsa nan da nan zai manta shi ma ya riƙe buroshi, ya ce ke kika fara. Zuciyar Ottmar ba za ta ɗauki kotu ba. Ni kuma rahotona na farko yana kan teburin shugabana, kuma bai san gidan yayata na bincika ba. Ritayata ta kusa. Ba zan bari 'yan bana-bakwai na ofis, waɗanda ni na koya musu riƙe ma'auni, su riƙa dariyar Dengler a wurin shan kofi saboda bokiti ba.

Za a cire injin. Na yi magana da Gotthilf bayan gwajin waƙar coci. Nasa yana da murfin ƙarfe a kan sarƙa, ba za ki sake ganin maiƙo da idonki ba. Maganar ta ƙare a nan, kada ki sake ɗago ta ko da ni.

Ƙanenki,
Eberhard

Águeda, Mayu 1994

Herr Injiniya Dengler,

Ina gaishe ka. Hukuncinka ya iso, na karanta shi har ƙarshe, tsakiya ma ban tsallake ba.

Na lura maganar ƙarfe ta ɓace, maganar giris ma ta ɓace. Yanzu laifinmu shi ne sarƙa ba ta da murfi, abin da ka ce bai dace da yadda ake zama a gidajen ƙasarku ba. Na duba doka ban ga wannan ba. Duk da haka na ce zan sa murfi cikin mako guda. Ka ce sabon zane sai sabon gwaji, sabon gwaji kuma sai sabon sanyi. Ka san sarai ba za mu kai wani sanyin ba, ni na rubuta maka da hannuna.

Ashe dai ka je ranar Asabar. Wanda bai je ba ai da bai canza magana ba.

Ranar da muka je kwance injin, Frau Mauch ta leƙo ta taga ta ce mini, "Ƙanena ne ya kama ku." Tana alfahari da kai ƙwarai. A nan na gane sauran.

Lauya ya ce in kai ƙara, wai za mu yi nasara. Na tambaye shi yaushe, ya ce bayan wasu shekaru, lokacin da tattabarai suka gama gina sheƙa a masana'antar. Ranar Juma'a mahaifina ya sallami ma'aikata. Da kansa ya tsaya a bakin ƙofa yana ba kowa hannu, yana kiran sunansa da na matarsa. Ni na kasa fitowa daga ofis. Kunya ta hana ni.

Tun ina ɗaliba nake jin kwarjinin hatiminku. Malamanmu sukan ce duk inda kuka gan shi ku shiga da 'ya'yanku ba fargaba. Da wannan tsoro da wannan girmamawa na zo ƙasarku, na duba kowane ƙusa sau da yawa don kada in ji kunya a gaban mutum irinka. Tir. Da na san babban mai binciken tsoron bokitin yayarsa yake ji, da ban ɓata barcina ba.

Na haɗo maka da gwangwanin giris ɗinmu. Bai gudu ba, ka buɗe ka gani. Ka kuma faɗa wa Frau Mauch gaskiya. Ba don ni ba, ni tawa ta ƙare. Don dattijon nan ne mai murɗa makulli.

Graciete Pinho

Göppingen, Disamba 1994

Ƙanena Ebbe,

Gaisuwa, da murnar ritaya. Injin Gotthilf yana aiki shiru abinsa, ga hatiminka a jikinsa, duk wanda ya zo sai na nuna masa.

Amma su ma! Na sa Ottmar ya kwance murfin nan, ka san me suka ɓoye a ƙarƙashi? Baƙin maiƙon nan dai. Na gida ma sun koyi halin baƙi. Kada ka damu, tun lokacin kaka muke wankewa, kowa a makonsa, mu mayar da murfin yadda yake, babu mai ganewa. In an tambaya, shara kawai muke yi, kamar yadda ka ce.

Sanyi ya sauka sosai, an fara zuba gishiri a titi. Ottmar yana gaishe ka. Ya sauka gareji ya ɗago mota, zai kai ni kasuwa.

Yayarka,
Hiltrud